Yadda na gano wasan baseball ɗin da kiɗansa ya maƙale min a kunne

Kaset ɗina na Famicom, wato na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo a Japan, rubutun Japan ne zalla, sunan wasan ma ban iya karantawa ba. Kiɗan kaɗai na riƙe. Sai na ɗauke shi a waya, na bi bidiyon tsofaffin wasannin baseball na NES (samfurin Famicom na Amurka) a YouTube ina saurare ina gwadawa. Da na iso kan R.B.I. Baseball, kiɗan ya zo daidai, ga kuma 'yan wasan nan gajeru masu ƙiba, sak nawa.

Ashe nawa shi ne asalin: Pro Yakyuu Family Stadium na kamfanin Namco, 1986. Tengen, wani kamfanin wasannin bidiyo, ce ta kai shi Amurka a 1988 da sunan R.B.I. Baseball, ta sa sunayen 'yan wasan can na gaske. Kaset ɗinta kala biyu ne, ruwan toka mai lasisin Nintendo da baƙi marar lasisi. Ni dai na Japan ɗin ya fi kwanta min a rai.