Yadda ake kon bif hash a gida ya yi ƙanzo, ba ya koma fate ba

Toh 'yan uwa yau naman gwangwani za mu taɓa, wato kon bif ɗin nan da yawancinmu ba mu san shi da komai ba sai dai a zuba a miyar taliya ko a cusa cikin mitfai da sandwic. Akwai wani abinci da ake yi da shi da dankalin turawa da albasa, sunansa kon bif hash, abinci ne na mutanen Amurka da Ingila, a Amurka kusan duk ƙaramin gidan abincin da ke sayar da kalaci za ki same shi da soyayyen ƙwai a kai. Asalinsa abincin ragowa ne. 'Yan asalin Ayaland da ke Amurka suna dafa babban yankin nama mai gishiri da kabeji da dankali ranar 17 ga Maris da suke bikinsu, washegari abin da ya rage sai a daddatsa a soye a kasko ɗaya. Su kuma Ingila na gwangwani suka fi sani, tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ake ciyar da sojoji da shi, ana kawo shi daga wata masana'anta a garin Fray Bentos na ƙasar Yurugwai, wadda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Yanzu kam yawancin wanda ke kasuwa daga Brazil yake zuwa. Na gwangwanin za mu yi, shi ne muke samu a kanti.

Kafin komai dan Allah ki karanta jikin gwangwanin. Ki nemi tambarin halal, kuma ki tabbatar naman shanu ne zalla, domin a kan kanta ɗaya ake jera shi da wasu naman gwangwani masu kama da shi irin su Spam wanda shi na alade ne. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotsa ta wajen haɗin baki ki bar musu kayansu ko da kyauta ne, wannan ba maganar tsada ba ce, guba ce ke iya taruwa a ciki.

Ga gwangwani ɗaya mai giram 340, irin girman Exeter ko Libby's da aka saba gani, dankali madaidaita huɗu zuwa biyar sun isa, kamar rabin kilo ko ya ɗan ɗara. Albasa babba ɗaya, attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin gidanku, tattasai ko koren tattasai ɗaya, tafarnuwa ƙwaya biyu, masoro, man gyada cokali uku na cin abinci, bota in akwai, sai ƙwai ɗaya ga kowane mutum. Wannan zai ishi mutum uku, huɗu in da burodi da shayi. Su turawa ba sa sa attarugu, ni ina sawa kuma ina ganin ya fi, saboda naman akwai maiƙo, yajin ne ke yanke shi.

Wata dabara, ki sa gwangwanin a firij tun da dare ko na awa ɗaya. Kitsen zai daskare, in kin buɗe naman zai fito a dunƙule ki iya yanka shi ƙanana da wuƙa, in kuwa da zafin ɗaki kika buɗe shi musamman lokacin bazara to tun kafin ya shiga kasko ya riga ya narke. Wajen buɗewa ki bi ɗan makullin nan da ke manne a jikin gwangwanin a hankali, bakin gwangwanin kaifi gare shi sosai, in makullin ya karye ki ɗauko abin buɗe gwangwani kar ki sa wuƙa.

Yanzu dankali, kuma a nan ne aikin yake. Ki fere ki yanka ƙanana masu kusurwa huɗu, kamar santimita ɗaya, ki yi ƙoƙari girmansu ya zo ɗaya don su nuna tare. Ki zuba a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, minti 6 zuwa 8, ki soka cokali mai yatsu, in ya shiga amma dankalin bai fashe ba to ya yi, ki sauke. Ba a so ya nuna luguf. Ki tsane a kwalanda sannan ki bar shi nan ya sha iska har tururin ya gama fita, samansa ya bushe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko ki baza a tire ma ya fi sauri. Mutane da yawa a nan suke gajen haƙuri, su juye dankali da ruwansa cikin mai, sai ya ƙi soyuwa ya dinga turara kansa, nama ya zo ya haɗu da shi komai ya cakuɗe ya zama fate. In kina da ragowar dafaffen dankali na jiya a firij, wannan ma ya fi sabo, don ya riga ya bushe.

Kasko mai faɗi kike so mai kaurin gindi, na ƙarfe mai nauyi ya fi, nonistik, wato wanda abinci ba ya kamawa, ma zai yi. Tukunya mai zurfi ba ta wannan aikin don tururi ba ya samun hanyar fita. Ki ɗora mai ya yi zafi a wuta matsakaiciya, ki zuba dankalin ki baza shi kar ya hau kan juna, ki bar shi kamar minti 4 ba ki taɓa ba sannan ki juya, haka har gefe-gefensa su yi ja. Sai ki tura shi gefe ɗaya, ki sa albasa da tattasai a wajen da ya rage su yi laushi, minti 4 ko 5, tafarnuwa da attarugu su ne na ƙarshe don saurin ƙonewa gare su.

Naman dafaffe ne tun daga masana'anta, ba dafa shi za ki yi ba, soya shi kawai za ki yi ya ɗau launi. Ki zuba shi a kai ki juya sau ɗaya ko biyu a hankali yadda zai ratsa dankalin, ki barbaɗa masoro, sannan ki ɗau bayan cokalin suya ki danne komai ya kwanta a kasko kamar faifai ɗaya. Daga nan ki cire hannunki. Wallahi wannan shi ne duk sirrin abincin nan, minti 5 cur kar ki juya, kar ki rufe, ki tsaya dai kusa kina sauraro. Da farko za ki ji ƙarar suyar tana da ruwa-ruwa, can sai ta koma ƙas-ƙas, ƙamshin ya canza, gefen ya fara yin duhu. Ki ɗaga gefe ɗaya ki leƙa, in ƙasan ya yi ja mai duhu ya kama jikinsa kamar ƙanzon tuwo to an zo wajen. Ki kankaro shi ki kifa ɓangare-ɓangare, ba sai ya juyu gaba ɗaya ba, ki sake dannewa ki ba shi wasu minti 4 zuwa 5. Ni nakan yi haka har zagaye uku saboda ƙanzon nan nake bi, kuma a zagayen ƙarshe nake jefa ɗan bota ta gefen kaskon. In kin ga hayaƙi ko ƙauri ya fara tashi wutar ta yi yawa, masu gas su rage, masu gawayi su janye garwashi kaɗan.

Maganar gishiri da magi kuwa, na san hannunmu ya saba, amma ki dakata sai kin ɗanɗana a ƙarshe. Da gishiri ake adana naman nan kuma yana da yawa sosai, sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin komai, in ma za ki ƙara rabin dunƙule ya isa. Mai hawan jini a gida a zuba masa kaɗan, ko a ƙara yawan dankali da kabeji a nasa. Kori da tayim ba laifi in kina so amma ɗan kaɗan, suna danne ɗanɗanon suyar.

Ƙwai hanya biyu ne. Ko ki soya daban ki ɗora a kan na kowa, ko ki yi ramuka da bayan cokali a cikin hash ɗin ki fasa ƙwai a kowane rami, ki rage wuta ki rufe minti 4 zuwa 5 har farin ya daskare. A nan ne kaɗai murfi ke da amfani. Turawa sun fi son gwaiduwar da ruwa-ruwa tana gangarowa cikin dankalin, amma na yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi a bar shi ya nuna sosai. Ki yanka lawashi ki watsa a kai, a ci da zafinsa, in ya huce kitsen yana daskarewa ya kama baki.

In dankalin turawa ya yi tsada, don akwai lokacin da na Jos ke yin wuya a kasuwa, dankalin Hausa yana yi kuma zaƙinsa na tafiya da gishirin naman, sai dai ki rage masa lokacin tafasa don ya fi saurin laushi. Doya ma tana yi. Ragowar kuma ki juye a roba mai murfi ki sa a firij, kwana uku ki cinye, in babu tsayayyiyar wuta ku raba shi a ranar. Wajen ɗumame a kasko za ki mayar da ɗan mai ki sake dannewa, ƙanzon zai dawo. Naman da ya rage ba ki yi amfani da shi ba shi ma kar ki bar shi cikin buɗaɗɗen gwangwani, ki juye a wani mazubi ki rufe.