Kurakuran da ake yi wajen bin diddigin tarihin Gerald Gardner da ire-irensa

Wani ɗalibi mai nazarin addinai ya turo mini aikinsa in duba masa. A shafin farko ya rubuta: "Dakta Gerald Gardner, sarkin mayun Ingila, ya gaji addinin da aka shekara dubbai ana yi a ɓoye." Jimla ɗaya ce, amma kusan kowace gaɓa a cikinta tana buƙatar gyara. Yaron bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya tarar a intanet ya kwaso. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in bi waɗannan kurakurai ɗaya bayan ɗaya, don na sha ganinsu a rubutun mutanenmu.

Ga abin da babu gardama a kansa. An haifi Gardner ranar 13 ga Yuni, 1884, a Blundellsands kusa da Liverpool. Ya yi aiki a gonakin shayi da na roba a Ceylon, wadda ake kira Sri Lanka yanzu, da Borneo da Malaya, daga baya ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka. Ya ajiye aiki a 1936 ya koma gida. Da aka soke tsohuwar dokar Ingila ta 1735 kan tsafi a 1951, sai ya fito fili, kuma a 1954 ya buga littafin Witchcraft Today. Daga nan addinin da ake kira Wicca ya bazu. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1964, cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta dawowa daga Lebanon, aka binne shi a Tunis. Daga wannan iyaka zuwa gaba, sai an taka a hankali.

Kuskuren da ya fi zama namu, mu masu rubutu da Hausa, a fassara yake. Mun ga mabiya Wicca suna kiran kansu da kalmar Turanci "witch", mun buɗe ƙamus, mun ga "maye", shi ke nan. To amma maye a wurin Bahaushe mutum ne mai kama kurwa, wanda ake tsoron ya ci yaro. Mutanen Gardner ba wannan suke nufi ba. Suna bautar wata allahiya da wani abin bauta namiji mai ƙaho, suna bukukuwa takwas a shekara bisa sauyin yanayi, suna haɗuwa a ƙananan ƙungiyoyi, suna kuma yin abin da suke ɗauka sihiri ne. Wanda ya rubuta "maye" ya jingina wa mutum laifin da bai yi ba tun kafin a fara labari. Haka "arne" zagi ne a bakin yawancinmu, "Bamaguje" kuwa sunan wasu Hausawa ne masu tarihinsu da al'adunsu, ba ruwansu da Gardner, tsohon ma'aikacin kwastan ɗan Ingila. Gyaran mai sauƙi ne: a ce "wanda ya assasa addinin Wicca", sannan a yi bayanin addinin a jimla biyu. Ni ban yarda da aƙidarsu ba ko kaɗan, amma rashin yarda bai ba ni damar yi musu ƙarya ba.

Sai batun "Dakta". Gardner ya ce yana da digirin digirgir daga Singapore, da wani daga Toulouse a Faransa, kuma 'yan jarida sun yi ta kiransa Dakta har ya mutu. Alhali saboda ciwon asma da ya yi fama da shi tun yana yaro, bai yi zaman makaranta na kirki ba, mai rainonsa ce ta riƙa yawo da shi ƙasashe masu ɗumi. Doreen Valiente, wadda shi da kansa ya shigar da ita addinin a 1953, ita ta bincika ta gano babu gaskiya a iƙirarin. Ko da lissafin shekaru kawai aka yi, an kama zancen: ba a kafa Jami'ar Malaya a Singapore ba sai 1949, shekara goma sha uku bayan ya bar ƙasar. Daga baya Philip Heselton, wanda ya rubuta cikakken tarihinsa, ya nuna cewa a 1937 Gardner ya sayi takardar digiri daga wata cibiya a Nevada ta Amurka, irin masu sayar da takarda ta gidan waya. Duk wanda ya ce yana da digiri, a tambaya: wace jami'a, wace shekara, kuma jami'ar tana nan a wannan shekarar? Tambaya ta uku ce mutane ke mantawa.

Wani zai ce ai na duba littafin tarihin rayuwarsa. Wanne? Na farko da aka buga, Gerald Gardner: Witch na 1960, yana ɗauke da sunan Jack Bracelin, ɗaya daga cikin mabiyansa. Amma Idries Shah ne ya rubuta shi, marubucin nan da ya yi suna da littattafai kan Sufanci, kuma kusan duk abin da ke ciki daga bakin Gardner ya fito. Wato idan ka kafa hujja da wannan littafi don tabbatar da maganar Gardner, Gardner ka kira ya yi wa Gardner shaida. Littafin yana da amfani, domin yana nuna yadda mutumin yake so a san shi. Sai dai a rubuta "kamar yadda ya shaida wa marubucin tarihinsa", kada a rubuta kamar an gani da ido.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne labarin Tsohuwa Dorothy, domin a nan ɓangarori biyu suka yi kuskure. Gardner ya ce a watan Satumban 1939 aka shigar da shi wata tsohuwar ƙungiyar asiri a yankin New Forest da ke kudancin Ingila, a gidan wata mata mai dukiya da yake kira Tsohuwa Dorothy. Shekaru da yawa masu shakka suna cewa ƙanzon kurege ne, babu wata Dorothy. Masanin tarihi Jeffrey Russell na cikin waɗanda suka yi shakkar. Abin ya taɓa Valiente, ta ɗaura ɗamara a 1980 ta shiga rumbunan takardu, ta kwashe kusan shekara biyu tana nema. Ta samo takardar haihuwa da ta mutuwa: Dorothy Clutterbuck, an haife ta a Bengal ta Indiya a 1880, ta zauna a Highcliffe, ta rasu a 1951. Masu cewa babu ita sun ji kunya. Wannan shi ne kuskuren wanda ya kama mutum da ƙarya sau ɗaya, sai ya watsar da duk abin da ya faɗa.

Amma sai mabiya suka tsallaka ɗaya gefen, suka ce tunda an ga Dorothy, to labarin duka ya tabbata. A'a. Takardar haihuwa ta tabbatar da cewa an haifi matar, ba ta ce komai kan abin da ya faru a ɗakinta wani dare na 1939 ba. Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, a littafinsa na 1999, ya nuna cewa a idon jama'a Dorothy Kirista ce ta cocin Angilika, mai goyon bayan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, kuma yana ganin mai yiwuwa Gardner ya yi amfani da sunanta ne don ya kare wata. Heselton ya karanta littattafan da take rubuta tunaninta a ciki, ya ga alamun da suka sa bai cire ta daga zancen ba. Dukansu biyu sun mai da hankali kan Edith Woodford-Grimes, malama mai koyar da iya magana, wadda ake kira Dafo a cikin ƙungiyar. Masana biyu, takardu iri ɗaya, fahimta daban. Mai rubutu na gari zai kawo ra'ayoyin biyu da sunayen masu su. Almajirin hadisi ya san wannan tun da daɗewa: kasancewar mai ruwaya ya rayu daban, ingancin abin da aka jingina masa daban.

Batun Aleister Crowley, wani marubuci ɗan Ingila da ya yi suna a harkar sihiri, ba ya buƙatar dogon bayani. Ana yawan cewa shi ya rubuta wa Gardner littafin ibadar Wicca aka biya shi. Littafin da Crowley yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya nuna sun fara haɗuwa a watan Mayun 1947 a Hastings, shi kuma ya mutu a Disamban wannan shekarar, tsoho mai fama da rashin lafiya. Gaskiya ne akwai kalmominsa a tsofaffin rubuce-rubucen Gardner, amma daga littattafansa da aka riga aka buga aka ɗebo su, kuma Valiente ta sake rubuta da yawa daga ciki a shekarun 1950. A jera kwanan wata a takarda kafin a yarda da irin wannan zance.

Akwai kuma ruɗin yawa. Mutum zai ce ya ga magana a shafuka ashirin, don haka gaskiya ce. Ɗauki adadin nan na mutum miliyan tara da aka ce an kashe a Turai bisa zargin maita, wanda ya yi yawo sosai a bakin mabiya Wicca na farko. Asalinsa wani Bajamushe ne, Gottfried Christian Voigt, wanda a 1784 ya ɗauki ƙididdigar garinsu Quedlinburg ya ninka ta a kan Turai duka da ƙarnuka masu yawa. Masana tarihi na yau suna sa adadin tsakanin 40,000 da 60,000. Haka ra'ayin cewa waɗanda aka kashe ɗin mabiya wani tsohon addini ne da ya ɓuya: Margaret Murray ce ta yaɗa shi a 1921, ita ce kuma ta rubuta gabatarwar littafin Gardner na 1954, masana kuwa sun rushe shi tun shekarun 1970. Shafuka ashirin da suka sha daga rijiya ɗaya, majiya ɗaya ce. A bi igiya har bakin rijiyar.

Kalmar "sarki" a jimlar ɗalibin nan ma aro ce daga wani mutum daban. Alex Sanders ne aka yi wa wannan laƙabi a shekarun 1960, kuma mabiyansa ne suka ba shi, domin Wicca ba ta da fada ko majalisar da ke naɗa shugaba, kowace ƙungiya cin gashin kanta take yi. Sanders ya ce kakarsa ce ta shigar da shi yana ɗan shekara bakwai, amma a 1961 ya rubuta wa Patricia Crowther, ɗaya daga cikin manyan matan tafarkin Gardner, wasiƙa yana neman a karɓe shi. Wanda zai nemi takardar haihuwarsa kuma ya sani cewa da sunan Orrell Alexander Carter aka yi masa rajista a Birkenhead a 1926. Mutanen wannan tafarki suna da sunan yanka, da sunan alƙalami, da sunan ibada. Gardner kansa da sunan Scire ya buga ƙagaggen labarinsa na 1949. Wanda bai tattara sunayen duka ba zai mai da mutum ɗaya biyu, ko ya ce babu shi.

To ina ake dubawa? A Ingila da Wales ana rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1837. An buɗe ƙidayar 1921 ga jama'a a 2022, akwai kuma rajistar 1939 da aka yi a farkon yaƙin duniya na biyu, wadda ke nuna wa ke zaune a wane gida. Akwai takardun wasiyya, da jerin fasinjojin jiragen ruwa, da tsofaffin jaridu. Amma jaridun Ingila na shekarun 1950 abin da zai sayar da takarda suke nema, sun cika labaransu da tsiraici da bautar Shaiɗan, don haka a ɗauki kwanan wata daga gare su, a bar sharhinsu.

Idan kuwa shugaban da ake bincike a kai yana raye, akwai haddi. Abin da ya faɗa a bainar jama'a, kamar digiri ko muƙami ko wanda ya ce ya shigar da shi, halal ne a bincika, a kuma tuntuɓe shi ya ba da nasa bayani. Adireshin gidansa da sunayen 'ya'yansa da na mabiyan da suka ɓoye kansu don tsoron rasa aiki, waɗannan ba na bugawa ba ne. Kuma mabiya suna rantsuwar riƙe sirri, saboda haka shirunsu ba ya nufin e, ba ya nufin a'a.

Da muka gama da ɗalibin, ga yadda jimlarsa ta koma: "Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka da ya rayu daga 1884 zuwa 1964, shi ya fito da addinin Wicca fili a shekarun 1950. Ya ce a 1939 wata tsohuwar ƙungiya ta shigar da shi a New Forest, amma masana tarihi sun saɓa kan ko su waye mutanen, kuma mafi yawansu suna ganin addinin a ƙarni na 20 aka tsara shi." Ya yi ƙorafin cewa ta yi tsawo. Na ce masa ya bar ta haka, ya wuce shafi na biyu.