Yadda Ake Gina Hafsan Kumbo Mai Zuciya Biyu a Ƙagaggen Labari

Idan kana son ƙirƙirar hafsan kumbo wanda biyayyarsa ta rabu gida biyu, ka fara da asalinsa tun kafin ka sa masa kaki. Ka tantance inda aka haife shi da kuma wanda ya ɓata wa rai ranar da ya shiga runduna.

Spock, mataimakin kyaftin ɗin kumbo a shirin talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, misali ne mai kyau, domin mahaifinsa Sarek jakadan duniyar Vulcan ne, mahaifiyarsa Amanda kuwa 'yar Adam ce. A wani kashi na 1967, Sarek ya buƙaci jinin ɗansa domin tiyatar zuciya, amma Spock ya ƙi sakin ragamar jirgin saboda an raunata kyaftin Kirk.

Irin wannan tsaka mai wuya kake nema. Ka ba kowane ɓangare hakki na gaskiya a kansa, domin da zarar ɗaya ya zama azzalumi, mai karatu ya riga ya san inda hafsan zai karkata. Sannan ka sa zaɓin ya raba shi da wani abu, ko muƙami ko albarkar mahaifi, kuma kada ka maido masa da shi a babi na gaba.