Yadda ake riƙe aji a darasin zane, daga rabon kaya har zuwa shara

A darasin lissafi yaro yana zaune wuri ɗaya, daga shi sai bik da kaye. A darasin zane kuwa an ba shi ruwa, an ba shi fenti, an ba shi almakashi, ga ƴan uwansa biyu sun matse shi a benci ɗaya. In ajin ya kai yara 70, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na Maradi, ko waliyyai ne sai an yi ɓari. Yawancin abin da malamai ke kira rashin ji a wannan darasi ba daga halin yaran yake tasowa ba. Wuri biyu yake fitowa: lokacin raba kaya da lokacin kwashe su. Ga yadda ake toshe waɗannan ƙofofi biyu a darasi na awa ɗaya.

Tun kafin yara su shigo

Ka fara da raba ajin. A juya benci ɗaya ya fuskanci na bayansa, yara shida ke nan a rukuni. Aji mai yara 72 zai ba ka rukuni 12. Kowane rukuni yana da lambarsa da kwalinsa, kwalin sabulu ko na taliya ya isa. A cikin kowane kwali a sa buroshi 6, almakashi 2, abin fiƙe fensir 1, gwangwanin tumatir 2 da aka daddanne bakinsu don kada su yanki yatsa, marfin kwalba 5 na zuba fenti, da tsumma 1. Ka rubuta wannan lissafi da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, ka kuma sa lambar rukuni a ƙotar kowane buroshi. Buroshin da ba shi da lamba ba shi da mai shi, kuma abin da ba shi da mai shi ba ya kai ƙarshen wata.

A kowane rukuni yara huɗu ne ke da aiki: mai kaya, mai ruwa, mai takarda, mai shara. Ana juyawa kowane mako don kada shara ta zama ta yaro ɗaya, ko ta ƴan mata kaɗai. Dokar da ta fi kowace nauyi a ajin ita ce, ba mai tashi sai wanda aka kira aikinsa. Ko su ma, rukuni huɗu-huɗu za ka riƙa kira. Yara huɗu a tsakiyar aji tafiya suke yi; yara 12 kuwa tsere suke yi.

Darasi biyu na farko a watan Oktoba, kada ka fito da fenti. Da fensir za a yi aiki, amma a bi tsarin gaba ɗaya: a ɗauko kwali, a ƙirga, a ɗauko gwangwani ba ruwa a ciki, a mayar, a sake ƙirgawa. In an yi da hayaniya, a koma a sake. Malamai da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, sai su tsallake, sannan su yi wata takwas suna biyan bashin awa biyun da suka ƙi bayarwa.

Bayani kafin kaya

Kada ka raba komai sai ka gama magana. Yaron da buroshi ke hannunsa kunnensa ya tafi. Minti bakwai na farko benci ya kasance fayau, kai kuma ka nuna aikin a allo, da girma yadda na can baya zai gani. Matakan kada su wuce uku ko huɗu, ka rubuta su a gefen allo su zauna har ƙarshen darasi. Duk wanda ya ɗaga hannu ya ce "Mushe, me za mu yi yanzu?", ka nuna masa allon da yatsa, ba sai ka maimaita ba.

Rabon yana da jerinsa, kuma ba a sauya shi. Takarda ce farko, kowa ya rubuta sunansa da lambar rukuni a bayanta nan take. Sai kwali, mai kaya ya ƙirga da ƙarfi a gaban ƴan rukuninsa. Sai fenti. Ruwa ne ƙarshe.

Fenti kai kaɗai kake zubawa, kwalaben ba sa barin hannunka. Ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi sun wadatar. Sauran launuka su haɗa da kansu, shuɗi da rawaya su ba su tsanwa, ja da rawaya su ba su ruwan lemo. A kowane marfi ka ɗiga kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Za su ce bai isa ba. Ya isa, kuma wanda nasa ya ƙare sai a ƙara masa. In ka cika marfi, rabin fentin a hannu da riga zai ƙare. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fentin ruwa yana bushewa a marfi cikin ƴan mintuna, to ka koya musu ɗiga masa ruwa da bakin buroshi ya farfaɗo. Ba zubarwa ake yi ba.

Ruwa kada ya wuce sulusin gwangwani. Gwangwanin da aka cika, in gwiwar hannu ta taɓa shi, zanen mutum shida ya tafi, faɗa kuma ya tashi. Ɗaya na wanke buroshi ne, ɗaya na ruwa mai tsabta don haɗa launi, dukansu a tsakiyar benci. Bido ɗaya mai lita 25 ya ishi ajin duka har da wankin hannu.

Alamar tsayawa

Ka zaɓi alama ɗaya, ka riƙe ta shekara guda: tafi uku, ko buga gwangwani da cokali. Da an ji, buroshi ya kwanta a kan tsumma, ido ya koma allo. Kada ka furta kalma ko ɗaya sai buroshi na ƙarshe ya sauka, ko da za ka yi rabin minti a tsaye. In ka fara magana wasu na shafa fenti, ka koya musu cewa alamar ba ta da haƙori. Kada kuma ka yawaita ta. Sau uku a darasi ya isa.

Ba a neman shiru irin na ranar jarrabawa a darasin zane. Su yi magana ƙasa-ƙasa, muryar da ba ta wuce rukuni ba.

Inda rigima ta fi fitowa

Wanda ya riga kowa gamawa shi ne ya fi haɗari, don hannunsa ba aiki, ga fenti a gabansa. Ka tanadi kwalin guntayen takarda da aikin jira da kowa ya sani: kwaikwayon zanen ƙwarya, dagi, ko aska takwas ta wuyan babbar riga. Irin wannan zane yana cin lokaci kuma ba ya ƙarewa da wuri.

Sai mai cewa "ban iya ba". Shi ne zai yi layi biyu, ya dunƙule takardar, ya nemi wata, in ba a ba shi ba ya koma tsokanar na kusa da shi. Kowa takarda ɗaya gare shi, wannan a faɗa tun farko. In ya ɓata, ka tsuguna kusa da shi, ka ɗauki guntuwar takarda taka, ka nuna masa yadda layin da ya karkace zai zama reshe ko bakin tulu. Kada ka gyara masa a kan tasa. Da ka sa hannu, zanen ya zama naka, gobe kuma yara goma za su jera suna jiran ka yi musu.

Reza ba ta shiga wannan aji. Yara sun saba fiƙe fensir da ita, don haka a karɓe a bakin ƙofa, abin fiƙe fensir kuma a ɗaure shi da zare a jikin kwali. Almakashi ana miƙa shi ne a rufe, ta wajen mariƙi, kuma ba a tashi da shi a hannu.

Ka bambanta kuskure da ganganci. Ɓarin ruwa ba laifi ba ne, wanda ya ɓarar ya ɗauki tsumma, shi ke nan. Amma wanda ya shafa wa wata fenti a hijabi, ko ya ja layi a zanen wani, da gangan ya yi. Hukuncin yana hawa-hawa: ka matsa ka tsaya kusa da shi, ka kira sunansa a hankali, ka karɓe buroshin minti biyar ya ci gaba da fensir, ka mayar da shi bencin gaba shi kaɗai. In ya maimaita a mako na gaba, a yi magana bayan an tashi, daga nan sai darakta da iyaye. Korar yaro waje ba ta da amfani, don ta taga zai dawo yana ba ƴan aji dariya. Bulala kuma, ban da cutarwar da ke cikinta, hannun da ke rawa ba ya jan layi. Kada a hana aji duka fenti saboda mutum biyu.

Wasu iyaye ba sa son ƴaƴansu su zana mutum ko dabba, kuma yaro zai iya ƙin aikin saboda abin da aka faɗa masa a gida. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma gaban aji ba wurin muhawara ba ne. Ka ba shi ganye, tulu, ƙofar gida ko ado na layi. Abin da ake so ya koya na siffa da launi duk yana ciki. Tun farkon shekara kuma a aika wa iyaye cewa ranar zane yaro ya zo da tsohuwar riga ya ɗora a sama. Fentin ruwa yana fita in an wanke da ruwan sanyi da sabulu a ranar.

In ajinka rumfar zana ce, ba kyandir, ba ashana, ba kananzir ko fetur don wanke buroshi. Gam na rogo a gida ake dafa shi: cokali ɗaya na sitaci a kofi ɗaya na ruwa, a yi ta juyawa har ya yi kauri, a kawo shi a huce. A lokacin zafi ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba. Ƙaro ma yana yi, in an jiƙa shi ya kwana. Mutanen Maradi ba su manta gobarar watan Nuwamban 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Hanyar ƙofa kada a tare ta da bido ko bokiti.

Kwashe kaya

Nan ne aka fi faɗuwa, don malami yana jin tausayin yara suna cikin aiki, sai ya bari har a buga ƙararrawa. Ka sanar da su saura minti biyar a ajiye buroshi, sannan ka tsayar da aiki ana saura minti 12 a tashi, ko an gama ko ba a gama ba. Ruwa da ya zo ƙarshe shi ne ke fara fita: masu ruwa su juye a bokitin datti. Masu takarda su kai zane kan igiyar da aka ɗaura a bayan aji; in ba igiya, a jera a ƙasa a danne kowanne da tsakuwa, don iska ɗaya ta hunturu za ta kifa ɗanyen zane a kan wani. Masu kaya su wanke buroshi, su matse a tsumma, su tsayar da shi gashi a sama. Buroshin da ya kwana da kai cikin ruwa gashinsa lanƙwashewa yake yi, ƙotar ta kumbura, bakin ƙarfen ya saki. Masu shara su yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya. Wankin hannu a waje, bokiti biyu, na sabulu da na ɗauraya, rukuni-rukuni.

Sai ƙirga. Rukunin da kayansa suka cika shi ke fara fita. In almakashi ya ɓata, kada ka hau lalube aljihu a gaban jama'a. Yaron da ka kunyata haka ba zai ƙara yarda da kai ba, kuma sau da yawa abin yana ƙarƙashin benci ne ko cikin kwalin maƙwabta. Ka ce kowa ya duba ƙasa da jakarsa, ka ajiye kwali a bakin ƙofa, ka juya kana goge allo.

Ranar yumɓu kuma waje ake fita, inuwar bedi. Ka kwaɓa tun jiya, ka dunƙula wa kowa nasa kamar girman ƙwai, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Su zauna a da'ira kafin ka raba, kai a tsakiya, don jifa daga bayan malami take farawa. Abin da suka gina a ɗora a kan kwali mai lambar rukuni, a shanya a inuwa kwana uku ko huɗu. In aka sa a rana, waje ya riga ciki bushewa, sai ya tsattsage.