Yadda za a bibiyi aikin gwamnati da wayar hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya ga an yi watsi da ginin aji, ko asibiti, ko titi a unguwarsa, ina ba shi shawara kada ya tsaya ga ƙorafi a majalisar dare. Ya fara da ɗaukar hoton allon da ake kafawa a bakin aikin, domin a nan ake rubuta sunan ɗan kwangila da ma'aikatar da ta ba da aikin, amma kafin ya ɗauki hoton ya kunna alamar wuri a kyamarar wayarsa, saboda hoton da ba ya ɗauke da rana da wuri, nan take ake musanta shi.

Bayan haka ya duba kasafin kuɗin jiha, wanda ake wallafawa a intanet, ya ga nawa aka ware. Rahoton abin da ya gano kuma ya tura ta manhajar Eyes and Ears ta gwamnatin Kaduna idan aikin a jihar Kaduna yake, ko ta Tracka ta ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi. Idan aikin na tarayya ne, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙatar neman bayani da aka rubuta mata, don haka a tabbata an karɓi kwafin takardar buƙatar mai hatimin ma'aikatar.