Tafiyar keke don tunawa da aminin da kansa ta ɗauke: inda aka fi yin tuntuɓe

Idan kansa ta ɗauke maka amini, zama wuri ɗaya yakan gagara. Shi ya sa da yawa ke hawa keke, su yi doguwar tafiya suna tara gudummawa da sunan mamacin. Na yi irin wannan tafiyar bayan rasuwar abokina, Allah ya jiƙansa, kuma kusan duk kuskuren da zan ambata gaggawa ce ta haife shi, irin gaggawar da zafin rashi ke sa mutum.

Wanda ya fi ciwo shi ne fara shela kafin a tuntuɓi iyalan marigayin. Mu mun yi haka. Muka ɗauki hotonsa, muka rubuta cutar da ta yi ajalinsa, muka saka a Facebook. Matarsa sai a wayar ƙanwarta ta gani. Ba ta yi mana faɗa ba. Cewa kawai ta yi hoton na lokacin da ya rame ne, ba haka take so yaransa su riƙa tuna shi ba. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ku fara zama da su tukuna. Ku tambaya ko sun yarda a sa sunansa, wane hoto suke so, kuma a faɗi irin ciwon ko a bar shi. In suka ce a dakata, a dakata ɗin.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ke lalacewa. Cewa "za mu taimaka wa masu kansa" bai isa ba. Wane asibiti? Wace ƙungiya? Na magani ne, na bincike, ko na kula da waɗanda jinya ta yi wa nisa? A tsayar da wannan kafin a karɓi ko kwabo, a sanar da masu karɓar a rubuce, kuma kada gudummawa ta shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Idan ta shafukan tara kuɗi na intanet za a bi, a duba abin da suke cira, a gaya wa jama'a. Kuɗin mai, riguna da masauki su fito daga aljihun mahaya ko wani mai ɗaukar nauyi, ba daga abin da aka bayar don marasa lafiya ba. Pan-Mass Challenge, wata tafiyar keke ta tara gudummawa don yaƙi da kansa a Amurka, abin koyi ce a nan. Billy Starr ya kafa ta a 1980 bayan kansar fata ta kashe mahaifiyarsa. Mahaya 36 suka fara, suka tara dala 10,200. A 2024 jimillar abin da suka ba cibiyar kansa ta Dana-Farber ta haura dala biliyan 1, kuma duk dalar da mahayi ya tara ana miƙa ta cif, ba a taɓa ta don hidimar tafiya.

Nisan tafiya ma zuciya ce ke zaɓarsa, ba ƙafa ba. Wani ya ji labarin masu ratsa Birtaniya daga Land's End zuwa John o' Groats, kimanin kilomita 1,400, sai ya ce shi ma haka zai yi, alhali rabonsa da keke tun yana makaranta. Kilomita 60 da kowa zai kai ƙarshe ta fi 200 da rabin ayari zai ƙare a bayan mota. A ba atisaye wata biyu zuwa uku, ana ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma kowane mako, a yi gwaji guda da ya kai kashi uku cikin huɗu na nisan, sannan a sassauta a makon ƙarshe.

Kada ka hau sabon sirdi ko sabon takalmi ranar tafiya. Tsayin sirdi kuwa, ɗora diddigenka a kan feda tana ƙasa: in ƙafar ta miƙe daidai, ya yi. In ya yi ƙasa da yawa, gwiwa ce za ta biya. Hular kwano dole ce. A duba birki da kaca tun da sauran mako guda, kowa ya riƙe tub, faci da famfo, kuma ya iya amfani da su da hannunsa.

Masu jiran sai sun ji yunwa ko ƙishi su ne ke zubewa a tsakiyar hanya. Bayan awa ta farko a riƙa ɗan cin wani abu mai sauƙi kamar ayaba duk bayan minti 30 zuwa 45, ana kurɓar ruwa kusan rabin lita a awa, fiye da haka in ana zafi. A bi hanyar da mota tun kafin ranar, a sanar da hukumar da ke kula da titi, a samu mota mai bin baya da akwatin taimakon gaggawa. Gudun ayari shi ne gudun wanda ya fi kowa rauni. A tamu tafiyar ƙanin marigayin ne a baya, kuma da muka juya a wani hawa ba mu gan shi ba, sai muka gane mun bar wanda ya fi mu haƙƙin tafiyar shi kaɗai.

Ranar da aka sauka daga keke ba a gama ba. Cikin mako biyu a fitar da lissafi: abin da ya shigo, abin da aka miƙa, da takardar shaidar karɓa. Kwafin farko na iyalan marigayin ne, kuma a kai musu hannu da hannu.