Yadda ake gano abin da ke ƙarƙashin laka a tekun Legas

Kafin a gina tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, ko a shimfiɗa wayar intanet ta Equiano da ta iso Legas a 2022, sai da aka san ina yashi yake a ƙasan teku, ina taɓo, ina yumɓu mai tauri. Haske ba ya nisa a cikin ruwa, don haka da sauti ake aikin, kamar dai yadda mai sayen kankana a Mile 12 ke ƙwanƙwasa ta ya saurara. Ɗan'uwa, in ka karanta safiyo ko ilimin duwatsu a Zariya ko Kano ka zo Legas neman aiki a jirgin awo, ga abin da za ka tarar.

A kan tebur ake farawa. Ka nemi tsofaffin taswirori daga ofishin awon ruwa na sojojin ruwa, masu jirgin awo NNS Lana, da kuma cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island. Ka zana layukan da jirgi zai bi, jere da juna, tare da wasu masu gittawa don gwada awon. In da hali a fita da rani, domin igiyar ruwan damina tana ɓata hoto.

Da kun fita, a fara auna gudun sauti. Yana kai kusan mita 1,500 a daƙiƙa, amma zafi da gishiri suna canza shi, musamman a bakin mashigar Apapa inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku. A kuma riƙa rubuta hawa da saukar ruwa, wanda a Legas bai cika wuce mita ɗaya ba. Wanda ya raina wannan mitar, taswirarsa za ta fito da tudun da babu shi.

Sai fuskar ƙasan. Na'urar sona mai baza sauti kamar mafici tana ba da zurfi, wadda ake ja a bayan jirgi kuma tana nuna tarkacen jirage da bututu. Da irinsu ake ganin kwazazzabon Avon da ke ƙarƙashin teku gabas da Legas.

Sai abin da ke ƙarƙashin laka, nan ne kan aikin. Na'urar da ma'aikata ke kira SBP tana tura sauti ya ratsa laka, duk inda ƙasa ta sauya tauri sai wani kaso ya dawo. Siririn sauti yana rarrabe shimfiɗu ƙanana amma ba ya nitso; mai kauri yana nitso amma hotonsa dishi-dishi. Shi ya sa masu neman mai, kamar a rijiyoyin Aje da suka fara ba da mai a 2016, suke harba bindigar iska, wato na'ura mai fitar da ƙara mai kauri a cikin ruwa, suna jan wayar saurare mai tsawon kilomitoci. Mai son kafa ginshiƙin gada ba ya bukatar wannan kashe kuɗi.

Ka lura, lokaci na'ura ke ba ka, na zuwa da dawowa. Milisakan 20 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) a ruwa daidai yake da zurfin mita 15, a yashi kuwa ya fi haka don sauti ya fi sauri. Abu biyu ke ruɗar sabon hannu: amsa-kuwwar da ta sake dawowa ta zana ƙasan teku na bogi a ninkin zurfin gaske, da iskar gas ta ruɓaɓɓen ganye da ke shafe hoto gaba ɗaya. In ka ga siffar kwari cike da laka, wataƙila tsohon kogi ne, tun kimanin shekaru 20,000 da suka wuce lokacin da teku ta yi ƙasa da kusan mita 120.

Kada ka sa hannu a taswira sai an ɗebo samfur. A kafa bututu mai girgiza da ke nitsewa cikin laka ya ɗebo ta, a kan layin da aka riga aka auna, a tsaga shi, a gwada kowace shimfiɗa da layinta na hoto. Inda suka saɓa, samfur ake bi, a gyara lissafin gudun sauti, sannan a zana kaurin kowace shimfiɗa.